Tsara Fostin ɗin Ɗaliban Ilimin Ji: Me Kalmar ke Nufi a Asibiti?

A bakin ɗaliban fannin lafiya, "fostin" na nufin makonnin da ake tura ɗalibi wani sashe na asibiti domin ya koyi aiki a kan marasa lafiya na gaske. Wanda ke riƙe da ragamar wannan turawa shi ake kira kodineta, aikinsa kuma shi ne tsara horon asibiti. Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, sun ɗauka aikin bai wuce a rubuta jadawali a manna a allon sanarwa ba. A fannin odiyoloji, wato ilimin gwada ji da taimaka wa masu matsalarsa, wannan fahimta ta gaza ƙwarai. Tsara horo shi ne a haɗa abubuwa huɗu a ɗaki ɗaya, a lokaci ɗaya: ɗalibin da ya shirya, majinyacin da ya dace da matakinsa, na'urar da ke faɗin gaskiya, da ƙwararren da ke tsaye yana kallo. Ko ɗaya ya ɓace, ɗalibi zai yi ta zuwa asibiti yana sa hannu a rajista, hannunsa kuwa bai koyi komai ba.

Kodineta daban, mai sa ido daban, ko da yake a asibitocinmu sau da yawa mutum ɗaya ke ɗauke da kayan biyu. Mai sa ido shi ne ƙwararren da ke tare da ɗalibi a ɗakin gwaji, shi ke gyara masa riƙon na'ura, shi ke sa hannu a sakamako. Kodineta kuwa yana tsakanin jami'a da asibiti. Shi ke sanin ɗalibai nawa sashen zai iya ɗauka, wa zai je ina, yaushe, da abin da dole kowa ya iya kafin a sallame shi. A Nijeriya hukumar MRTB, mai kula da ƙwararrun da ke farfaɗo da lafiyar gaɓoɓi da aikinsu, wadda aka kafa a 1988, ita ke yi wa masu wannan sana'a rajista tare da masu gashin ƙashi da masu gyaran magana. Don haka abin farko da kodineta ke tabbatarwa shi ne duk wanda zai sa ido a kan ɗalibi yana da lasisi mai rai.

Dalilin da ya sa aikin ke da wuya shi ne ƙarancin mutane. Rahoton ji na duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Maris na 2021 ya nuna kashi 93 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su kai ƙwararren ji ɗaya ga mutum miliyan ɗaya ba. A gari irin Jos, wuraren da za a samu sashen kunne, hanci da maƙogwaro ba su da yawa: ana maganar manyan asibitoci ne irin asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo da asibitin koyarwa na Bingham, wanda mutanen gari ke kira Jankwano. Cibiyar kula da kunne ta ƙasa kuwa tana Kaduna, kuma tura ɗalibi can na buƙatar takarda, masauki da kuɗin mota.

Lissafin da kowane kodineta ke farawa da shi shi ne na ɗakin gwaji, wato ƙaramin ɗakin nan mai kaurin bango da ke hana ƙara shiga. Ƙwararre kan gama gwajin babban mutum cikin kamar minti 20 zuwa 30. Ɗalibi sabon shiga kan kusa cinye awa guda. A ce ɗaki ɗaya ne, kuma ana ganin marasa lafiya daga ƙarfe 8 zuwa 2 na rana. In ɗalibai ne ke gwajin, mutum shida ko bakwai za a gani. To idan jami'a ta turo ɗalibai 12 a lokaci guda, rabinsu za su wuni a tsaye a baranda. Maganin shi ne a raba su biyu-biyu ko uku-uku, a juya su tsakanin ɗakin gwaji, ɗakin likitan kunne, ɗakin jarirai, teburin na'urorin ƙara ji, da ziyarar makarantun kurame. Gara a ce wa jami'a tun farko "shida za mu iya ɗauka" da a karɓi 12 don kunya, a ƙarshe a sa musu hannu a kan abin da ba su yi ba.

Kafin ranar farko akwai takardar yarjejeniya tsakanin makaranta da asibiti, da allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, da bitar wanke hannu da sirrin majinyaci. Waɗannan ba su da wuyar fahimta, mantawa da su kawai ake yi.

Zuciyar aikin ita ce jeranta matakai. Ɗalibi kan fara da kallo, sai taimakawa, sai ya yi da kansa mai sa ido na gefensa, daga ƙarshe ya yi shi kaɗai a duba aikinsa kafin majinyaci ya bar wurin. Kowane gwaji da nasa tsanin, domin ɗalibi na iya kaiwa mataki na huɗu a gwajin manya alhali yana na farko a gwajin jarirai.

Abin da ake fara sa masa a hannu shi ne tocilan duba kunne. A babba, ana jan kunnen sama da baya domin hanyar ta miƙe; a ƙaramin yaro, ƙasa da baya. Ɗalibi ya jingina ɗan yatsansa a kumatun majinyaci, saboda in mutum ya juya kai ba zato, tocilan ta bi shi maimakon ta soke shi. Abin da ake nema shi ne dauɗar da ta toshe hanya, mugunya, ƙwayar masara ko dutsen ado da yaro ya cusa, ko hudar dodon kunne. Wanda ya tsallake wannan mataki zai rubuta wa mutum raunin ji alhali dauɗa ce da tsinken auduga ya danna ciki.

Daga nan sai odiyomita, na'urar da ke aika sauti ta hedifon. Ja na kunnen dama ne, shuɗi na hagu, haka ma a takardar sakamako: da'ira ja ga dama, alamar X shuɗiya ga hagu. Ana farawa da kunnen da ya fi ji, a 1000 Hz (Hz ma'aunin kaifin sauti ne), a hau zuwa 2000, 4000 da 8000, a dawo 500 da 250. Ƙa'idar ita ce in ya ji a rage desibel 10 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), in bai ji ba a ƙara 5, har a samu mafi ƙanƙantar ƙarar da yake amsawa aƙalla sau biyu cikin uku. Kurakuran ɗalibai a nan kusan iri ɗaya ne kowace shekara. Wani yana danna maɓalli a kan kari ɗaya kamar mai kiɗa, sai majinyaci ya gane lokacin ya riƙa ɗaga hannu ba tare da ya ji komai ba. Wani yana ɗaga kai ya kalli majinyaci duk sanda ya danna. Wani ya ɗora hedifon a kan ɗankwali ko hula, ko ya juya ja da shuɗi, sakamakon kunnuwa ya musanya. Kodineta mai lura kan sa ɗalibai su gwada junansu sau da dama kafin su taɓa majinyaci, ɗaya ya toshe kunne da auduga domin a samu abin ganowa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne maskin. Idan kunne ɗaya ya fi ɗaya ji da desibel 40 ko fiye, sautin da aka aika wa kunne mara lafiyar na iya ratsa ƙashin kai ya isa kunne mai lafiyar, mutum ya amsa da gaskiyarsa amma da kunnen da ba shi ake gwadawa ba. Don haka ake sa wa kunne mai lafiya wata ƙara mai kama da "shuuu" ta shagaltar da shi. Ɗalibin da bai yi haka ba zai nuna mataccen kunne kamar yana da sauran ji, a sayar wa mutum na'urar da ba za ta amfane shi ba. A ganinmu, bai kamata a sallami kowane ɗalibi daga fostin ba sai ya yi maskin a gaban mai sa ido, a kan majinyata na gaske, ya kuma bayyana da bakinsa dalilin kowane mataki.

Na'ura ma tana cikin abin da ake tsarawa. Odiyomita na buƙatar cikakken saiti daga injiniya sau ɗaya a shekara, sannan kowace safiya wani mai lafiyar ji ya sa hedifon ya saurari dukkan sautuka, ya motsa wayoyi ya ji ko akwai tsatsa ko yankewa. Wannan aikin safe ya dace a ba ɗalibai bi da bi, su rubuta a littafi. Hedifon na wata na'ura ba ya shiga wata, domin tare aka saita su. A Jos kuma sai an kula da yanayi: ruwan sama a kan rufin kwano da rurin janareta na rufe ƙananan sautuka na 250 da 500 Hz, sai mai lafiya ya fito kamar mai rauni. Ƙurar hunturu kuwa na toshe siririn bututun na'urorin da ake cusawa a kunne.

Sai harshe. Majinyacin da ya zo daga Bukuru, Pankshin ko Langtang yana iya zama Birom, Angas ko Tarok, amma galibi Hausa ce za ta haɗa shi da ɗalibi. Dole a koya wa ɗalibi bayani gajere mai tsabta: "Baba, za ka ji wata 'yar ƙara. Ko ta yi ƙanƙanta ƙwarai, da zarar ka ji ka ɗaga hannu, in ta ɗauke ka sauke." Ya faɗa kafin ya sa hedifon, yana fuskantar mutumin, ba tare da ihu ba. Gwajin fahimtar magana kuma bai yiwuwa da jerin kalmomin Turanci ga tsohuwar da ba ta ji Turanci, domin abin da za a auna rashin sanin harshe ne. Kuma kafin komai, a nemi izini: "Mama, wannan ɗalibarmu ce, ita za ta yi gwajin ina tsaye. Kin yarda?" In ta ce a'a, magana ta ƙare.

Aikin kodineta ne ya tabbatar ɗalibi ya ga nau'o'in cuta daban-daban, ba tsofaffi kawai ba. A ɗakin jarirai zai koyi ƙa'idar 1-3-6: a tantance jin jariri kafin wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Zai koyi cewa jaririn da ya yi shawara mai tsanani, ko aka yi wa allurar jentamaisin mai kashe ƙwayoyin cuta, ko ya yi sanƙarau, yana cikin haɗari. Zai koyi cewa gwajin motsin dodon kunne na amfani da sautin 226 Hz ga manya, amma 1000 Hz ga jaririn da bai kai wata shida ba. A Filato akwai ƙarin darasi: zazzaɓin Lassa, wanda ya kashe ma'aikatan lafiya a Jos a 1970, yana barin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke da kurumta. Masu injin niƙa a kasuwa da masu fasa dutse kuwa su ne za su nuna masa lotsawar nan ta 4000 Hz a takardar sakamako, wato raguwar ji da yawan ƙara ke haifarwa, wadda ya saba gani a littafi.

Akwai aikin da ba a barin ɗalibi shi kaɗai ko da ya kai makon ƙarshe: ɗaukar awon kunne domin ƙera abin da ke riƙe na'urar ƙara ji. Ana cusa ɗan soso mai zare ya wuce lanƙwasa ta biyu ta hanyar kunne, a duba da tocila a tabbatar ya toshe ko'ina, sannan a tura roba mai laushi. In soson ya bar kafa, robar na iya isa dodon kunne, in kuma akwai huda ta shige ciki, sai an yi tiyata kafin a fitar.

Duk wannan yana taruwa ne a logbuk, littafin da ɗalibi ke rubuta abin da ya yi. Littafi mai amfani yana nuna kwanan wata, irin gwajin, shekarun majinyaci ba sunansa ba, matakin da ɗalibi ya yi aikin, da sa hannun mai sa ido a ranar da aka yi. Sa hannun da aka tara aka yi a ranar Juma'ar ƙarshe ba shi da daraja, domin babu mai tuna wa ya yi me. Kodineta ya duba littattafan a tsakiyar fostin. A fostin na mako takwas, mako na huɗu ne lokacin da za a gane cewa wance ba ta taɓa gwada yaro ba, ko wane bai taɓa yin maskin ba, a sauya musu wuri tun da sauran lokaci. Idan kuma yajin aiki ko lalacewar na'ura ya cinye makonni, a rubuta wa jami'a yawan kwanakin da aka rasa da gwaje-gwajen da ba a yi ba, a sa ranar da ɗaliban za su dawo su cike.