Kafin ku ba kafinta ko mai walda aikin gado mai hawa biyu

Iyaye maza da mata, assalamu alaikum. A da, gado mai hawa biyu ba a ganinsa sai a makarantar kwana ko a bariki. Yanzu kuwa ya shigo gidaje, musamman a birane irin su Kano da Kaduna da Zariya da Maraɗi, inda kuɗin haya ya yi tsada, ɗakuna suka ƙanƙance, yara kuma masha Allah. A matsayina na ma'aikaciyar lafiya ban ga laifin hakan ba. Yara huɗu ko biyar a kan katifa ɗaya hanya ce mai sauƙi ta yaɗa ƙazuwa da makero, don haka idan kowa ya samu shimfiɗarsa an ci gaba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yin gadajen. Yawancinsu a bakin titi ake ƙera su, wurin mai walda ko kafinta, daga hoton da aka nuna masa a waya. Babu wani jami'i da zai zo ya auna kafin a ɗora a amalanke a kai gida. Mai gida ko uwar gida su ne masu duba aikin, ko sun sani ko ba su sani ba.

A Amurka, inda ake ajiye lissafin masu zuwa asibiti, wani bincike da ya fito a mujallar likitocin yara ta Pediatrics a 2008 ya duba shekarun 1990 zuwa 2005, ya gano cewa a kowace shekara yara da matasa kusan 36,000 ake kaiwa sashen gaggawa saboda raunin da ya shafi irin wannan gado. Kusan rabinsu ba su kai shekara 6 ba, yawancinsu faɗowa suka yi, kuma kai da wuya ne suka fi jin ciwo. Can ke nan, inda ɗakunan barci da yawa ke da katako ko kafet a ƙasa. Mu a nan siminti ne ko tayil, kuma tabarma ko ledar ɗaki ba ta rage wa kai komai.

Shi ya sa ƙa'ida ta farko ba ta da sassauci: yaron da bai cika shekara 6 ba ba ya kwana a sama. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka da ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar duk a kan haka suka tsaya. Ƙaramin yaro kansa ya fi nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, in ya faɗo kan ne ke riga isa ƙasa, kuma in ya farka cikin dare da magagin barci bai san a sama yake ba. Ko ya haura shida, akwai waɗanda wurinsu ƙasa ne: mai farfaɗiya, mai tafiya cikin barci, mai yawan birgima, da mai fitsarin kwance ko mai tashi fitsari sau da yawa. Kada a raba gadon da "ai shi ne babba" ko "ita ta fara zaɓa". Iyayen 'yan makarantar kwana su saurara da kyau a nan, domin a ɗakunan kwana da yawa manyan ɗalibai ne ke kama ƙasa su tura sababbi sama. Idan ɗanku yana da farfaɗiya, ku gaya wa malamin da ke kula da ɗakin tun ranar farko. Na san kunya ke sa a ɓoye, amma ɓoyewar ce ke kai yaro gadon sama.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure. Mutane suna sayen gado yau, katifa kuma wata rana dabam a wani shago dabam, alhali awonsu ɗaya ne. Shingen da ke kewaye da gadon sama ba daga ƙarfen gado ake auna tsayinsa ba, daga saman katifa ake aunawa. Dokar Amurka, wadda ta fara aiki a 2000, ta ce shingen ya ɗara saman katifa da inci 5 aƙalla, ƙa'idar Turai kuma ta ce santimita 16, wato inci 6 da 'yan kai. To a ce mai walda ya yi shinge mai inci 10, ya yi kyau a ido. Sai uba, don ƙaunar ɗansa, ya sayo katifa mai kaurin inci 8. Abin da ya rage inci 2 ne, yaro zai mirgine ta kai bai ma farka ba. Katifar sama kada ta wuce inci 6, mai inci 4 ma ta wadatar in sosonta mai kyau ne. Ku fara yanke shawarar kaurin katifa, ku ƙara inci 6 a kai, wannan shi ne tsayin da za ku gaya wa mai aiki. Ku sa ya ja layi da fenti a jikin shingen daidai inda saman katifa zai tsaya, don ranar da za a canza katifa kada a manta.

Shingen kuma ta kowane gefe ake yinsa, har da gefen bango. Sau da yawa za ku ji mai aiki ya ce, "Hajiya, ai wannan gefen bango zai tare." Bango ba ya tarewa. Gado yana matsawa kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka hau aka sauka, sai rata ta buɗe, yaro ya zurma tsakanin gado da bango ya maƙale. Wurin da aka bari don hawa kaɗai ne zai zama a buɗe, shi ma kada faɗinsa ya wuce inci 15.

Maƙalewa ta fi faɗuwa muni, kuma ba a cika maganarta ba. Jikin ƙaramin yaro yana iya wucewa ta ratar da kansa ba zai wuce ba. Ƙafafu su fara zurma, ƙirji ya matse ya bi, kai ya tsaya, yaro ya rataye ta wuya. Ba ya iya kuka, kuma 'yan mintoci sun isa. Saboda haka ne dokar Amurka ta hana ratar da ta wuce inci 3 da rabi a shingen, Birtaniya kuma a 1987 ta ƙayyade ta tsakanin santimita 6 zuwa 7 da rabi. Ni inci 3 nake gaya wa mutane, ya fi sauƙin riƙewa. Ku ari tef ɗin tela ku tafi da shi wurin mai aiki, ku auna tsakanin sanda da sanda, tsakanin sandar ƙasa da inda katifa ke zama, da tsakanin katifa da jikin gado. Shinge mai sanda ɗaya tal a can sama, ƙasanta fayau, tarko ne. Ba kunya a awo, kuɗinku ne, ɗanku ne. Katifar ma ta cika gadon daram. Gado mai faɗin ƙafa 3 da aka sa wa katifar 'yan makaranta mai ƙafa 2 da rabi ya bar ramin inci 6 a gefe.

Ku ɗaga katifar ku dubi abin da ke ƙarƙashinta. Idan katakai ne aka jera ba a kafe su ba, yaron ƙasa zai tokare su da ƙafa cikin wasa, su goce, ɗan'uwansa da katifarsa su rufto masa. A kafe kowane katako da sukuru, ko a yi ƙarafa a gicciye da walda. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe gadon da ake girgizawa kullum, noti mai wucewa ta cikin ƙafar gado ya fi. Ku kama gadon ku jijjiga shi da ƙarfi, babba ya hau ya zauna. In yana rawa a shago, a gida sai abin da ya ƙaru. Ku shafa hannu a duk inda aka yi walda, in akwai kaifi a goge kafin fenti. Na katako kuma ku tabbata busasshe ne, domin ɗanye yana bushewa da hunturu ya tsage, notuna su saki.

Tsani ya zama a kafe yake a jikin gado, ba na jinginawa ba. Matakalansa su zama tazara ɗaya, tsakanin inci 8 zuwa 12, domin ƙafa cikin duhu ba ta gani, abin da ta saba take bi. Mataki mai faɗi ya fi bututun ƙarfe zagayayye, wanda ke da santsi idan ƙafa ta jiƙe bayan alwala ko fitowa daga banɗaki. A koya wa yaro ya fuskanci tsanin in zai sauka, da hannu biyu, ba safa a ƙafa, ba tsalle. Idan akwai mai rarrafe ko ɗan shekara biyu a gidan, a sa kafinta ya yi allo da za a riƙa rufe matakalan da shi da rana, don ƙaramin ba ya jiran dare kafin ya gwada. A ajiye tocila ko ƙaramar fitilar sola kusa da matashin na sama, tunda ba mu da tabbacin wuta da ƙarfe biyun dare.

Inda za a ajiye gadon, ku fara ɗaga kai ku dubi fanka. Fiffiken fankar sama na ƙarfe ne, kuma a ɗakunanmu masu gajeren silin yakan zo daidai goshin yaron da ya miƙe a kan gado. In ɗakin ba shi da wurin da za a nesanta gadon yadda ko yaro ya miƙa hannu ba zai kai ba, a cire fankar a sa ta bango. Yaro ya iya zama a miƙe kansa bai taɓa silin ba, na ƙasa ma haka. A nesanta shi da taga da igiyar labule da wayar lantarki. A ɗakin da ke da rufin kwano ba silin, zafin Afrilu da Mayu a sama yake taruwa, gara a sauko da katifa ƙasa har damina ta sauka.

Gidan sauro dole ne, kowane hawa da nasa, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, amma shi ba shinge ba ne. A kula da yadda ake rataye shi. Sanduna huɗu masu tsini da ake bari a kusurwoyi suna kama wuyan riga ko hijabi ko igiyar laya lokacin da yaro ke sauka. A haɗe kawunansu da ƙarfe su zama firam, a yanke ragowar igiya. Kada a mai da gadon maratayin bel da jaka da igiyar tsalle.

Ingancin katifa ba a kauri yake ba, a nauyin soso yake. Ku ɗaga biyu masu girma ɗaya, wadda ta fi nauyi yawanci ita ce mai ƙarko. Ku danna da hannu, in kun ji katako a ƙasa ko ta daɗe ba ta taso ba, ku bar ta. Ku duba alamar SON, hukumar tabbatar da ingancin kayayyaki ta Najeriya, a jikinta, domin akwai masu ɗinka rigar sanannen kamfani a kan tarkacen soso. Sabuwa a cire mata ledar shago, a bar ta ta sha iska, don siririyar ledar tana iya toshe numfashin ƙaramin yaro. Mai fitsarin kwance a yi masa rigar katifa mai kauri wadda ruwa ba ya ratsawa, a shimfiɗa zanen gado a kai. Tsohuwar katifa ta gwanjo kuwa ku buɗe ɗinkin gefenta ku duba, baƙaƙen ɗigo alamar kuɗin cizo ce, kuma in ya shiga ramukan gado fitar da shi aiki ne. In hakan ta faru a yi ta shanya da wankin ruwan zafi, kada a fesa maganin ƙwarin gona a shimfiɗar yaro, yana shiga ta fata da numfashi. Soso yana kama wuta nan take, hayaƙinsa kuma guba ne da ke tashi sama inda yaro yake, don haka ba kyandir, ba maganin sauro na kunnawa, ba kaskon garwashi kusa da gadon.

In duk da haka yaro ya faɗo, kada a finciko shi a girgiza. Idan ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko yana ta amai, ko barci ya rinjaye shi ba ya tasuwa, ko ya yi jijjiga, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko ciwon kai na ƙaruwa, asibiti za a nufa a lokacin, ba sai gari ya waye ba. In yana kukan wuya ko baya, ko ya kasa motsa hannu ko ƙafa, a ɗauke shi a kan allo, kai da jiki a miƙe. Ko ya tashi garau, a sa masa ido kwana biyu, domin jinin da ke taruwa cikin kai yakan ɗauki sa'o'i kafin ya nuna. Karayar da aka fi gani a irin wannan faɗuwa ta hannu ce, kusa da gwiwar hannu ko wuyan hannu, don da shi yaro ke tarewa. Na san da yawa wurin mai ɗori za su fara zuwa. Karayar gwiwar hannu tana kusa da babbar jijiyar jini, in aka ɗaure ta tam da karare hannun ya kumbura a ciki, jini yana iya yankewa, kuma ta haka ne yara ke rasa hannu. A ɗauki hoto a asibiti tukuna. In an riga an yi ɗorin kuka ga yatsu sun yi sanyi ko sun canza launi, ko yaro na ihu in an miƙe masa yatsa, a kwance ɗaurin nan take a kai shi asibiti.