Sabunta Lasisin Manhajar Kamfani a Legas

Sabunta lasisin manhaja ciniki ne da kamfani ke yi da mai manhajar da yake aiki da ita idan wa'adin yarjejeniyarsu ya kusa cika. A Legas, inda hedikwatocin galibin bankunan Najeriya da kamfanoni irin su Dangote da BUA suke, wannan ciniki ya fi shafar manhajojin Microsoft da Oracle da SAP. Ma'aikatan sashen kwamfuta da na sayayya ne ke zaman, cikinsu har da 'yan Arewa masu aiki a Victoria Island da Ikoyi, sau da yawa ta hannun dillalin da mai manhajar ya amince da shi.

Babbar yarjejeniyar Microsoft ta kamfanoni kan ɗauki shekara 3, kuma duk shekara ana ƙidayar masu amfani a biya na waɗanda suka ƙaru. Oracle kuwa yakan karɓi kashi 22 cikin ɗari na kuɗin lasisi duk shekara a matsayin ladan kulawa. Sharuɗɗan ma kan sauya. A Janairun 2023 Oracle ya mayar da kuɗin lasisin manhajarsa ta Java bisa adadin dukkan ma'aikatan kamfani, ko da kaɗan ne cikinsu ke taɓa manhajar. Bayan kamfanin Broadcom ya sayi kamfanin manhaja na VMware a Nuwambar 2023, ya daina sayar da lasisin dindindin na manhajojin VMware, sai haya.

Abin da ya fi ci wa kamfanonin Legas tuwo a ƙwarya shi ne dala. Da ita ake yanka farashi, alhali da naira suke samun kuɗin shiga. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji a Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a hukumance. A 2024 ta haura 1,500. Ragin kashi goma cikin ɗari a farashi ba ya tsinana komai ga wanda kuɗin lasisinsa ya ninka uku a naira. Shi ya sa gogaggun masu ciniki suka fi matsawa a kan wace rana za a ɗauki farashin canji, ko za a yarda a biya kashi-kashi, da kuma iyakar ƙarin da za a yi a sabuntawa ta gaba. Akwai harajin VAT na kashi 7.5, sannan hukumar NOTAP ce ke rajistar yarjejeniyoyin fasaha da kamfanonin waje, rajistar da bankuna kan nema kafin tura kuɗi.

Lokaci ma yana da tasiri. Shekarar kuɗi ta Oracle tana ƙarewa 31 ga Mayu, ta Microsoft 30 ga Yuni, ta SAP ƙarshen Disamba, kuma wakilansu sun fi sassauci gab da rufe littafi. Amma wanda ya bari sai saura mako biyu wa'adinsa ya cika, abin da aka ɗora masa shi zai ɗauka.

Ƙarfin mai saye yana cikin sanin kayansa. Kamfanin da ya ƙirga lasisinsa tun watanni kafin zama yakan tarar yana biya wa ma'aikatan da suka bar aiki, ko ɓangarorin manhajar da ba a taɓa buɗewa ba. Ƙidayar tana kare shi daga binciken lasisi, wanda yarjejeniya ta ba mai manhaja damar yi, kuma wanda kan ƙare da neman biyan bashin baya. Barazanar komawa wata manhaja ba ta cika girgiza kowa ba idan ba a ga alamar shiri ba, domin sauya manhajar da banki ke tafiyar da asusun mutane a kanta aiki ne na shekaru.