Shafukan sada zumunta: amsar tambayoyin da 'yan'uwa mazauna Saudiyya ba sa gajiya da yi

Tambayoyin dai su ke nan kullum, daga Shara Mansur a Makka har Jidda da Madina. Ga su a wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Ni fa tura saƙon kawai na yi, ba ni na rubuta ba. Ina ruwana?

Da ruwanka, Malam. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya, wadda aka kafa a 2007, ba ta tsaya kan wanda ya ƙirƙiro abu ba. Sashe na 6 ya haɗa da shirya shi, da aika shi, da ajiye shi, muddin ya taɓa zaman lafiyar jama'a, ko addini, ko tarbiyya, ko sirrin wani. Hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 3. WhatsApp da kansa ya ga ɓarnar tura-tura, shi ya sa a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri 1. Idan ka ga kibiya biyu a saman saƙo, ya ratsa hannuwa da yawa, kuma babu wanda zai iya ce maka ga mai shi. Ka bar shi ya tsaya a wayarka.

Wai me ya canza ne? Ba intanet ɗin da muka sani ba ne?

A shekarun 1990 yawanci mai shafi ne kaɗai ke rubutu, kai naka karatu. Buɗe shafi yawanci sai wanda ya iya tsara shi a kwamfuta. Sai abin ya juya: Wikipedia a 2001, MySpace a 2003, Facebook a 2004, YouTube a 2005, Twitter a 2006. Kamfani ya share fili, jama'a su cika shi da rubutunsu da hotunansu. Wannan sauyin ne aka yi wa laƙabi da Web 2.0 wajen 2004. Yau duk mai waya mawallafi ne, kuma nauyin da ke kan mawallafi ya hau kansa ko ya sani ko bai sani ba.

Wanne ne shafin sada zumunta na farko?

An fi ambaton SixDegrees na 1997. Bai daɗe ba ya rufe.

To mu me ya shigo da mu ciki?

Waya da murya. Kwamfuta ba ta taɓa shiga kowane gida ba, amma bayan fitowar iPhone a 2007 da Android a 2008 waya mai intanet ta yi ta araha. Nan Saudiyya an yi zamanin BBM, manhajar hira ta wayar BlackBerry, a gida Najeriya matasa sun yi zamanin manhajar hira ta 2go. WhatsApp ya fito a 2009, sai dai abin da ya fi taɓa mu shi ne saƙon murya da ya ƙaro a 2013. Tun daga lokacin, tsohuwar da ba ta karanta boko ba, ba ta kuma rubuta Larabci, ta iya danna waya ta yi magana da 'yarta a Kano ko Zinder. Da can kaset ake naɗa a ba wa alhaji mai komawa gida, amsa sai wani aikin Hajjin.

Shafukan nan kyauta ne ko?

A'a. Ka sayi data, sannan ka biya da lokacinka da bayananka. Kamfanonin nan talla suke sayarwa, kuma mai talla yana biya ne saboda kamfanin ya san shekarunka, da garin da kake, da abin da kake tsayawa kallo. Facebook bai sayi Instagram dala biliyan 1 a 2012 ba, bai sayi WhatsApp wajen dala biliyan 19 a 2014 ba, don ya yi wa kowa sadaka.

Ina da mabiya da yawa amma 'yan kaɗan ne ke ganin bidiyona. An toshe ni ne?

Kwantar da hankalinki, Hajiya, yawanci ba toshewa ba ce. Da, abin da aka wallafa a jere yake zuwa, sabo a sama. Instagram da Twitter sun bar wannan tsarin a 2016, Facebook ma tun kafin nan. Yanzu lissafin kwamfuta ne ke zaɓar abin da kowa zai gani. Yakan nuna bidiyon ga mutane kaɗan tukuna, ya duba ko sun kalla har ƙarshe, ko sun yi tsokaci, ko sun tura wa wani. In sun yi, ya faɗaɗa. In sun wuce da sauri, ya binne shi. TikTok ya fi kowa tafiya a kan haka, shi ya sa mai mabiya goma kan yi tashe rana ɗaya. Ki fara da abin da kike son nunawa, ki bar doguwar gaisuwa zuwa ƙarshe. Kuma kada ki sayi mabiya. Ba mutane ba ne, ba sa kallo, sai su ƙara ja miki shafin ƙasa.

Ina sayar da abaya da dabino da turare. Zan iya tallata su a Snapchat ko TikTok? Wani mai shago ma ya ce zai biya ni in tallata masa.

Wannan ba ta da amsa guda, ya danganta da takardar da kike zaune da ita, da inda mai saye yake, da kuma ko kayan naki ne.

Mu fara da tallar wani, don ta fi fitowa fili. Tun Oktoban 2022 duk mai karɓar kuɗi ya tallata kayan wani a shafinsa sai da lasisin da ake kira Mawthooq, daga hukumar kula da kafafen yaɗa labarai. Kuɗinsa riyal 15,000 na shekara 3. Hanyar ɗan ƙasa daban ce da ta baƙo, kuma tun a 2022 ɗin aka gargaɗi mazauna da masu ziyara cewa tallar kuɗi ba tare da izini ba laifi ne. Kada ki dogara da cewa ba kuɗi ya ba ki ba, abaya ce kawai ko cin abinci kyauta. Idan an ba ki ne don ki yabi shagon, to lada ce.

Sai kayanki na kanki. Idan ke 'yar ƙasa ce, hanya a buɗe take: ki yi rajistar kasuwanci ko takardar sana'ar kai, ki bi dokar cinikin intanet ta 2019, ki bayyana farashi da yadda ake mayar da kaya. Idan igama gare ki, wato takardar zaman baƙo, a nan matsalar take. Igama ta ɗaure ki da aikin da aka rubuta a kanta, ko da zama ƙarƙashin maigida, kuma baƙon da ya buɗe sana'ar kansa ba da izini ba yana fuskantar tara da tarhil, wato kora zuwa ƙasarsa. Wasu sai su ce to a sa sunan wani ɗan ƙasa, cinikin kuwa naki. Wannan shi ne tasattur, kuma ya fi na farkon muni: har shekara 5 da riyal miliyan 5, ga mai aron sunan da wanda ya ba da aron. Mai bizar Umara ko ziyara kuwa ba ta da hurumin sana'a ko kaɗan.

Akwai wadda za ta ce ai masu sayena duk suna Najeriya, kuɗin ma can ake biya. Haɗarin nan ya ragu, amma bai tafi ba, domin a nan kike ɗaukar bidiyon, a nan kike sayo kayan, kuma wata rana wata a Jidda za ta ce a kawo mata, ta turo miki riyal. Kuɗi masu shiga asusun mai ƙaramin albashi daga mutane barkatai abu ne da banki ke lura da shi. Akwai kuma bambanci tsakanin sayar da tsohon firijinki sau ɗaya da shafin da kullum ke ɗora kaya da farashi.

Dokokin nan ana yi musu gyara, don haka kafin ki ɗora komai ki kai takardunki wurin lauya mai lasisi ko ofishin ma'aikatar kasuwanci, ki faɗi ainihin yadda kike cinikin. Fatawar guruf ba ta fitar da kowa daga hannun jawazat, wato jami'an shige da fice.

Zan iya ɗaukar bidiyon mutane a Harami ko a kasuwa?

Fuskar wanda bai ba ka izini ba, a'a. Sashe na 3 na dokar 2007 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 da tarar riyal 500,000 kan keta sirrin mutane da kyamarar waya ko ɓata musu suna. Abin takaici ne a ga mutum yana kuka gaban Ubangijinsa, wani ya saita masa waya don neman mabiya. Haka haɗarin mota da rigimar titi. Ku daina.

An ƙwace mini WhatsApp. Yaya zan yi?

An kira ka, ko an turo saƙo da sunan wani da ka sani, aka ce ka karanto lamba 6 da ta shigo wayarka, ka karanto. Ta nan ake shiga. Yanzu ka sake rajista da layinka, sabuwar lamba za ta zo, da ka sa ta ɓarawon zai fita. Idan ya riga ya sa tasa lambar sirri ta mataki na biyu, za ka jira kwana 7. Kafin nan ka kira 'yan'uwa ta layi ka ce kada kowa ya tura kuɗi. Da ka dawo, ka shiga saiti ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka haɗa da imel. Masu komawa gida gaba ɗaya, ku sauya lambar WhatsApp ɗinku tun layin Saudiyya yana aiki. Layin da aka daina amfani da shi ana iya sayar wa wani, ya gaji gurufanku.

Hotunan aure da na suna duk suna Facebook, ai sun tsira ko?

Ba su tsira ba. Ɗan haya ne kai a can, mai gida na iya rufe ƙofa. Orkut ya rufe a 2014, Google+ a 2019, kuma a 2019 ɗin MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun ɓace. 'Yan'uwanmu na Sudan sun ga an yanke intanet fiye da wata guda a tsakiyar 2019, Najeriya kuma ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Facebook da Instagram suna da wurin sauke duk bayananka a cikin saiti. Ka sauke, ka ajiye kwafi ɗaya a kwamfuta ko katin memori, ɗaya wurin wani ɗan'uwa. Lambobin abokan ciniki kuma a rubuta su a littafi.