Waiwaye: tarihin null da iyakar da ke tsakanin Java da Kotlin

A shekarar 1965 masanin kwamfuta ɗan Ingila, Tony Hoare, ya shigar da null cikin ALGOL W, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta. Null gurbi ne da aka ware wa wani abu, amma in ka leƙa babu komai a ciki. A 2009, a wani taro a Landan, shi da bakinsa ya kira abin kuskuren dala biliyan ɗaya, ya ce ya sa shi ne kawai don yin sa ba wuya.

Java, ita ma harshen rubuta manhaja, ta gaji wannan ciwo, Android kuma ta fito a 2008 tana tafe da Java. Duk mai rubuta manhajar waya ya san NullPointerException: manhaja ta nemi sunan mutum, ta tarar da wayam, ta rufe kanta a hannun mai waya.

Kamfanin JetBrains ya fitar da sabon harshe, Kotlin 1.0, a 2016, Google ya karɓe shi don Android a 2017. A Kotlin, in abu zai iya zuwa babu komai, sai an ɗora masa alamar tambaya, kamar String? (String na nufin rubutu), kuma ba za a bar ka ka taɓa shi ba sai ka duba. Amma ba wanda ya zubar da tsohuwar Java, a manhaja ɗaya suke zaune. In ƙima ta tsallako daga Java ba tare da bayani ba, Kotlin ba ta san ko akwai abu a ciki ba, sai ta nuna ta da alamar motsin rai, String!, ta bar maka hukunci. A ganina nan haɗarin ya fi yawa, domin mai rubutun ya saki jiki yana zaton harshen na tsare shi.

Apple ma ta sha irin wannan. Sabon harshenta, Swift, ta zo a 2014 ta tarar da tsohon harshe Objective-C, wadda in ka aika wa nil (wato null nata) umarni shiru take yi. A Swift kuwa, in aka yi amfani da nil da ya tsallako daga Objective-C ba tare da dubawa ba, manhajar faɗuwa take. Shi ya sa a 2015 aka ƙara alamomin nullable (zai iya zama nil) da nonnull (ba zai zama nil ba) a Xcode 6.3, manhajar Apple ta rubuta manhajoji.

A ɓangaren Java, alamomin @Nullable sun daɗe a warwatse, kowane kamfani da nasa, har JSpecify 1.0, wani tsarin alamomi na bai ɗaya, ta fito a 2024 don haɗa su. Inda ba a sa su ba, gara ka karɓi duk abin da ya fito daga Java a matsayin String? tun daga bakin iyaka, ka duba shi nan take.