Ƙiba da yadda jiki ke sarrafa suga da kitse

Ƙiba ita ce taruwar kitse a jiki har ya kai ga cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana auna ta da ma'aunin BMI, wanda ke gwada nauyin mutum da tsayinsa: daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce. A ƙididdigar hukumar ta 2022, mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba. Amma ba duk masu ƙiba ne haɗarinsu ɗaya ba. Abin da ke bambanta su shi ne inda kitsen ya taru, da yadda jiki ke sarrafa suga da mai.

Tarihi

Lissafin da BMI ya samo asali daga gare shi na Adolphe Quetelet ne, masanin lissafi ɗan Beljiyam, wajajen 1832. Don nazarin jama'a ya ƙirƙiro shi, ba don duba mara lafiya ba. Sai a 1972 Ancel Keys ya raɗa masa sunan da aka san shi da shi.

Kafin nan, a 1947, likita Jean Vague na birnin Marsai a Faransa ya lura cewa masu tara kitse a ciki da saman jiki sun fi kamuwa da ciwon suga da ciwon zuciya a kan masu tara shi a ƙugu da cinya. An daɗe ba a ba maganarsa muhimmancin da ya kamata ba. A 1988 Gerald Reaven na Jami'ar Stanford a Amurka ya haɗa hawan jini, yawan suga da rikicewar kitsen jini wuri guda, ya ce tushensu ɗaya ne: jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa sassan jiki, yadda ya kamata.

Yadda abin ke faruwa

Kitsen teɓa, wanda ke kewaye da hanji, yana zuba maiƙo kai tsaye cikin jijiyar da ke shiga hanta. Hanta ta yi kitse, tsoka ta rage karɓar suga, sai jiki ya yi ta ƙara fitar da insulin har ya gaza. Daga nan ciwon suga nau'i na biyu ke ɓulla, hawan jini da shanyewar ɓarin jiki su biyo baya.

Likitoci kan duba abubuwa biyar: faɗin ciki, hawan jini daga 130/85, sugan jini kafin karin kumallo daga 100 a ma'aunin mg/dL, yawan kitsen jini, da ƙarancin kolestarol mai amfani. Wanda ya haɗa uku ya shiga haɗari. Iyakar faɗin ciki da aka sa a 2005, santimita 94 ga maza da 80 ga mata, daga Turawa aka aro ta, kuma har yanzu ana muhawara kan dacewarta da 'yan Afirka.

Mai ƙiba mai lafiya

Akwai masu ƙiba da gwajinsu ke fitowa lafiya lau. Masana sun saɓa kan ko wannan hali yana ɗorewa. Wani bincike kan mutum miliyan 3.5 a Birtaniya, da aka wallafa a 2017, ya gano cewa haɗarin ciwon zuciya a gare su ya fi na masu matsakaicin nauyi da kashi 49 cikin ɗari.

A Katsina da Daura

A ƙasar Katsina da Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, akan ɗauki teɓa alamar wadata, a ce wane "ya yi jiki" ko "ya murmure". Abinci ma ya sauya, musamman a birni: tuwon dawa da furar gero sun rage, shinkafa, taliya, burodi da lemon kwalba sun ƙaru, babur da Keke Napep kuma sun maye gurbin tafiyar ƙafa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ƙwayoyin ƙara ƙiba da wasu mata ke saya a kemis, musamman dab da aure. Wasunsu, irin dexamethasone, suna tara kitse a ciki da fuska, su ɗaga suga da jini.

Rigakafi

Wani gwaji a Amurka da aka wallafa a 2002 ya nuna cewa ƙoƙarin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, ya rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58 cikin ɗari. Ana awon suga da hawan jini a manyan asibitocin Katsina da Daura.