Kada a raba iyakar gona da wayar hannu

Assalamu alaikum manoman ƙasar Zazzau. Yanzu ana yayin auna gona da waya: yaro ya buɗe manhaja, ya zagaya gona a ƙafa, ta ce masa hekta kaza ce. In don lissafin buhunan taki ko mudun iri ne, babu laifi, mu malaman gona ma muna yi. Amma don Allah kada a yanke maganar iyaka da ita, balle a rabon gado ko cinikin fili.

Taurarin ɗan'adam na GPS suna can sama, wajen kilomita 20,200 daga ƙasa. Waya tana gane inda take ne ta lissafin lokacin da saƙonsu ya ɗauka kafin ya iso. To a hanya saƙon yana ratsa sassan sararin samaniya masu ɗauke da lantarki da tururin ruwa, sai ya yi ɗan jinkiri. Ko a fili fetal waya takan kauce da kamar mita 5, a gindin ɗorawa ko jikin katanga kuwa abin ya fi haka. Idan tazarar kunya santimita 75 ce, mita 5 ta haura kunya shida. Wa zai yarda maƙwabci ya ci masa kunya shida daga wannan kai zuwa wancan?

Masu safiyo suna magance wannan da tashoshin gyara. Eriya ce ake kafawa a wuri guda, ba ta motsi, an kuma san ainihin inda take. Dare da rana tana karɓar saƙon taurari, ta kwatanta abin da suka ce da abin da ta sani, ta fitar da kuskuren, nan take ta tura gyaran ta intanet zuwa na'urar da ke kan sandar mai safiyo. Wannan shi ake kira RTK, yana sauko da kuskure zuwa santimita 2 ko 3. Sai dai gyaran tasha ɗaya yana raguwa da nisa, don samaniyar Samaru ba lallai ta zama irin ta Maƙarfi ba a wannan sa'ar. Shi ya sa ake haɗa tashoshi da yawa su yi aiki tare. Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafa irinsu a 2008 da sunan NIGNET, ɗaya kuma a Jami'ar Ahmadu Bello aka sa ta.

Idan za a auna muku, ku kira mai safiyo mai rajista, maƙwabta da mai unguwa su tsaya a wurin. Ku tambaye shi ko na'urarsa ta kama gyaran tasha kafin ya dasa turke. A yi aikin da rana, domin a yankinmu samaniya ta fi rikita saƙon bayan faɗuwar rana. Turken siminti da aka dasa kada a tumɓuke shi lokacin huɗa, lambarsa na cikin taswirar da za ku kai KADGIS, hukumar kula da filaye ta Jihar Kaduna, neman takardar mallaka.