Idan manhajar ta faɗi, awa nawa kafin ta dawo?

Ina kula da manhajar lissafi da ƙidayar kaya da wasu shaguna da farmasi na nan Yamai ke aiki da ita ta intanet. Tambayoyin nan na amsa su a waya har bakina ya gaji. Don Allah ku karanta kafin ku kira ni.

Ai bayananmu na cikin girgije, me zai same su?

Girgijen nan kwamfutoci ne jere a cikin gini. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa. Wasu da kwafin ajiyarsu ke cikin harabar, asali da kwafi duk suka ƙone tare.

Kwafi nawa za mu ajiye?

Uku, ɗaya a wani gari daban. Wanda ke cikin aljihun tebur kusa da kwamfutar, ɓarawo ɗaya ko ambaliya ɗaya ta ishe su.

An ce mana tana aiki kashi 99.9 cikin ɗari. Ke nan ba ta tsayawa?

Shekara awa 8,760 ce. Ɗan abin da ya rage ɗin nan ya kusa awa 9. Kuma alkawarin na buɗewar manhaja ne, bai shafi dawo da abin da ya goge ba.

Malam, faɗa mini gaskiya: awa nawa?

Alhaji, ba ƙin faɗa nake ba. Tambayar biyu ce a haɗe. Ta farko, tsawon lokacin da shago zai zauna babu manhaja. Ta biyu, cinikin awa nawa za a rasa. Idan sau ɗaya ake ɗaukar kwafi, ƙarfe 12 na dare, abu kuma ya lalace bayan la'asar, to duk abin da aka shigar tun safe ya tafi, ko da an dawo da manhajar cikin minti goma.

Ita kuwa ta farkon, ya danganta da abin da ya lalace. Idan saba ɗaya ce, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta, ta mutu akwai wata a tsaye, wataƙila mintoci ne. Idan sai an kwaso komai daga ajiya, girman bayanan da ƙarfin layi ne za su yanke hukunci. Giga 500 a kan layi mai megabit 20 a daƙiƙa ya fi awa 55, kwana biyu da ƴan kai, shi ma in rezo bai yanke ba, wuta ba ta ɗauke ba. Ku tuna watan Agusta 2023 da Najeriya ta katse mana lantarki. Ku tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma. A irin wannan rana manhajar na iya zama lafiya lau a Turai, ku ne ba ku da hanyar isa gare ta.

Sai abin da ya fi damuna: kwafin ma yana buɗewa? Akwai wata farmasi da aka kira ni, mai wurin ta miƙo mini faifan ajiya a naɗe cikin leda, hankalinta kwance. Da muka jona, ashe ya cika tun makonni, bai ƙara karɓar komai ba, ba wanda ya duba. Da takardun rasit muka yi ta shigar da magunguna ɗaya bayan ɗaya har dare. Manya ma abin na cin su. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani ma'aikacin GitLab, kamfanin manhajar intanet, ya goge rumbun bayanansu bisa kuskure, suka tarar hanyoyin ajiyarsu da dama ba sa aiki. Sun yi kusan awa 18 kafin su dawo, bayanan kusan awa 6 kuma suka salwanta.

Saboda haka adadin da zan iya tsaya muku a kai shi ne wanda muka gani da agogo a hannu ranar gwajin dawo da bayanai daga kwafi, sannan in ƙara wani abu a kai saboda wuta da rezo. Duk wanda ya ce muku awa ɗaya, ku ce ya nuna muku ranar da ya gwada, ya kuma rubuta a yarjejeniya.

Yarona ya goge lissafin wata guda, na shiga uku?

Kwantar da hankalinki, Hajiya, wannan ya fi kowanne sauƙi. Kada kowa ya ƙara taɓa komai, ki kira yau. Ana share tsofaffin kwafi bayan wasu kwanaki, jinkiri ne kawai zai cuce ki. Kuma ku daina ba kowa lambar sirri ɗaya!

Sau nawa ake gwaji?

Ni duk wata uku nake so. Ba ranar kasuwa ta cika ba.

Kafin manhajar ta dawo fa, mu rufe shago?

Haba, a'a. Ku buga farashin kaya da sunayen masu bashi a takarda duk ƙarshen mako, ku ajiye littafi da biro kusa da akwatin kuɗi. A rubuta kowane ciniki da lokacinsa, mutum ɗaya ya shigar da su idan ta dawo. Lambar wanda za a kira ma a manna ta a bango, kada a bar ta cikin manhajar da ta faɗi.